Idon Yayana da Fentin Shanu

Shekarar da nake binciken digirina na biyu, duk wanda ya shigo gidanmu a Gidan Dare sai na tare shi da wayoyi. Aikina shi ne in gano yadda mutane ke ganin launi a fuskar waya, ta asali da kuma mai arha wadda masu gyara ke sakawa idan ta asalin ta fashe. Inna ta ce na mayar mata da tsakar gida asibitin ido. Maƙwabta kuwa da sun hango ni da jakata sai kowacce ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Abin da ya ja ni ga aikin bai taka kara ya karya ba. Ɗigon ruwa ne ya faɗa kan wayata wata rana, na ga farin da ke ƙarƙashinsa ya rabu zuwa 'yan fitilu, ja da kore da shuɗi. Malamina ya ce da waɗannan ukun waya ke haɗa kowane launi, domin idon mutum ma da ƙwayoyi iri uku yake ganin launi. Tun ranar na kamu da son abin.

A wannan shekarar ce yayana ya shiga tsaka mai wuya. Shi ke raka shanu Kudu a tirela, ƙarƙashin wani Alhaji dillali a kara, kasuwar dabbobi. Tirela ɗaya takan kwashi shanun mutane daban-daban, don haka kowa yakan shafa wa nasa fenti a gadon baya. Da can mai shanu yakan haɗa shi da yaronsa, wanda ya san dabbobin gidansu ko ba fenti. Da waya ta wadata sai aka daina. Alhaji ya ɗauki hoto ya tura wa yayana, ya bi shi da saƙon murya: masu jan fenti na wane, masu kore na wane.

Ba sau ɗaya ba, yayana ya miƙa shanun wani ga wani. Da farko aka ce kuskure ne. Daga baya aka fara ƙus-ƙus a kara, wai da gangan yake musanya manya da ƙanana ana ba shi nasa kason. Alhaji bai kore shi ba, amma ya ce ya zauna gida tukuna. Mutumin da ko goro bai taɓa ɗauka ba sai an miƙo masa, ga shi ana nuna shi da baki. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Shi kam wayarsa ya ɗora wa laifin. Ya kai ta Sabon Gari an canza mata fuska, bai gamsu ba ya sake komawa. Ni ma na goya masa baya, don na riga na auna na gani, fuska mai arha tana koɗar da launi, balle a tsakar rana. Na ci alwashin sai na kai wa Alhaji hujja.

Da la'asar na zaunar da shi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta gidanmu, na tura wa wayarsa hoton gwaji. Da'ira ce cike da ɗige-ɗige kore, an rubuta lamba a ciki da jajayen ɗige-ɗige.

"Yaya, wace lamba ce a nan?"

"Lamba? Ban ga komi ba sai tsaba awa gero."

Har na fara murna, na ce ga shaida ta samu. Na ba shi wayata mai fuskar asali, ya ce duk ɗaya. Na buɗe kwamfuta, nan ma bai ga komai ba. Inna ta zo wucewa da faranti, ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce ai bakwai ce ƙiri-ƙiri. Ya fusata, wai mun haɗa baki muna masa wasa. Na nuna masa wani hoton mai shuɗin rubutu, ya karanta tun ban gama miƙa masa ba. A nan na gane ba a wayar matsalar take ba.

Ban yarda da gwajina kaɗai ba, don ni na fi kowa sanin fuskar waya na iya yin ƙarya. Na ja shi asibitin ido, aka gwada shi da littafinsu na takarda. Likita ta ce idonsa lafiya lau yake gani, ja da kore ne kawai suke masa kusan iri ɗaya. Da shi aka haife shi, ba ya ƙaruwa, ba shi da magani, kuma galibi ta wajen uwa ake gadonsa. Da Inna ta ji haka sai ta ce mahaifinta har ya rasu ana masa faɗa a fadama, don yakan tsinko ɗanyen tumatir tare da nunanne. Ta yi dariya, ta kuma share ido da bakin zane.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da sauran rina a kaba. Yayana ya ce Alhaji ba zai ji wannan daga bakinsa ba, wa zai damƙa wa mai ciwon ido shanu? Na tambaye shi ko ya fi son a ci gaba da ce masa ɓarawo. Muka yi ta yi har Inna ta raba mu. Washegari da kansa ya tayar da babur, na hau bayansa, muka nufi kara.

A rumfar Alhaji na buɗe hoton gwajin na miƙa masa wayar. Ya faɗi lambar nan take, na kusa da shi ma suka faɗa suna dariya, suna tambaya ko makaranta aka buɗe a kara. Aka miƙa wa yayana, ya daɗe yana kallo ya girgiza kai. Alhaji ba mai yarda da waya ba ne, sai ya sa aka kawo gwangwanin fenti biyu, ya shafa ja da kore a jikin katako ya ce a nuna masa jan. Yayana ya ce bai sani ba, kuma yau ba zai yi canke ba. Dariyar ta tsaya.

Na ce gyaran mai sauƙi ne. A sa shuɗi a madadin kore, kuma kowane mai shanu ya zaɓi zanensa, wani zobe, wani layi. Alhaji bai ko dube ni ba. Ya aika aka kira masu shanun da aka yi wa musanyar, ya jira har suka zauna, sannan ya nuna yayana ya ce:

"Zato zunubi. Wanga mutum bai ci amanar kowa ba, mu munka ɗau alhaki nai. Ka yahe muna. Jibi akwai tirela, kai za ka raka ta."

A hanyar gida muka tsaya a fitilar kan titi, na zolaye shi na ce to yaya yake yi da wannan. Ya ce ta sama tsayawa, ta ƙasa tafiya, ko jaki ya san haka. Sai da muka wuce Ƙofar Rini, muka kusa gida, ya rage gudu, ya ce ba tare da ya waiwayo ba:

"Ke 'yar boko, kin san mi? Da anka hwara ce min ɓarawo, na san ƙarya ta. Amma tun ina yaro ni kaina na ɗauka daƙiƙi nike, ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Ashe ba haka na ba."