Malamin Gona a Ajin Gangara

Ban taɓa yin niyyar karantarwa ba. Aikin gona na karanta, a wata makaranta can yamma kusa da babban kogi, inda aka koya mana zaɓen irin gyaɗa, da cututtukan gero, da yadda ake ɗaura wa shanu garma. Na gama a shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu. Na dawo garinmu Agiye da takardar shaidata, ina ganin ƙasa duk ni take jira.

A buro, wato ofishin kumandan mai mulkin yankin, aka ce ba a buɗe gurbi ba tukuna, in dawo bayan damina. Bayan damina aka ce sai an gama kaka. Zaman gida ya gagare ni. In na bi mahaifina gona sai in tsiri gyara masa tazarar shuka, shi kuwa ya dube ni kawai ya ci gaba da aikinsa. In na dawo sai in wuce bakin hanya, in tsaya ina kallon motocin da ke wucewa Damagaram da masu komawa Maraɗi, kamar ɗaya daga cikinsu za ta tsaya ta kira ni. Inna ta ce ƙafafuna sun fi na akuya yawo.

A barandar buron nan ne ansifekta, mai duba lakol-lakol, wato makarantun boko na yankin, ya same ni wata ranar kasuwa. Ya ji ina gardama da akawu da Faransanci, ya tambaye ni inda na yi karatu. Da na gaya masa, sai ya ce gwamnati na buɗe lakol a ƙauyuka kamar ana shuka, malaman da suka fito makarantar horon malamai kuma ba su kai ko'ina ba. Duk wanda ke da takarda irin tawa ana ɗaukarsa, a ba shi horo na 'yan makonni a Maraɗi, a tura shi aji. In ya daɗe yana aikin, ya zauna jarrabawa ya zama cikakken malami. Na ce masa ni malamin gona ne. Ya ce to, in riƙa wannan kafin gonar ta kira ni.

A Maraɗi na tarar da irina da yawa: wani tsohon mai awon gyaɗa, wani da ya bar aikin gidan waya, wasu da suka bar kwaleji ba su ƙarasa ba. An nuna mana yadda ake tsara darasi, da yadda ake rubutu a allo ba tare da an juya wa yara baya gaba ɗaya ba. Kafin mu gane gabanmu an sallame mu. Ni aka ce Gangara.

Lakol ɗin aji biyu ne, ɗaya na ƙasa, ɗaya rumfar zana. Diraktan, wato shugaban lakol ɗin, mutumin Dahome ne, dogo, mai furfura a gefen kai, wanda ya shekara da shekaru yana karantarwa a ƙasarmu har Hausa ta zauna a bakinsa, sai dai karin harshen ya ƙi. Yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a bayan lakol. Tun ranar farko na gaya masa ba daɗewa zan yi ba. Ya ce ya ji, ya miƙo mini alli, ya nuna mini rumfar.

Yaran ƙanana ne, ba wanda ya san kalma ɗaya ta Faransanci, dokar lokacin kuma ta hana a yi musu Hausa a aji. Na tsaya na yi ta zuba kamar yadda malamanmu na gona ke yi mana. Suka zuba mini ido. Wasu suka yi barci, wata yarinya ta fashe da kuka, wani ya sulale ta ƙarƙashin zana ya tafi gida. Da na ɗaga kai sai na ga inuwar diraktan a jikin zanar, yana tsaye yana saurare.

Bai yi mini magana gaban yara ba. Bayan an tashi ya kira ni da mushe, yadda ake kiran malamin lakol da Faransanci, ya ce, "Mushe, yau kai kaɗai ka yi karatu. Gobe ka rage magana, ka kawo musu abin da za su taɓa."

Kashegari na zo da ƙwarya da zangarniyar gero da igiya. Na ɗaga ƙwarya na faɗi sunanta, suka maimaita, na miƙa wa ɗaya ya faɗa ya miƙa wa na kusa da shi. Haka muka fara. Shi kuma kusan kullum sai ya bar manyan yaransa da aiki ya zo ya tsaya bayan zanar. Ya koya mini in riƙa tambayar wanda bai ɗaga hannu ba, in daina tsayawa wuri ɗaya, in bar yaro ya gama kuskurensa kafin in gyara. Wani lokaci yakan karɓi ajin nawa in zauna a ƙasa tare da yaran ina kallo. Haushi yakan kama ni, don na ga abin a hannunsa kamar wasa.

Duk da haka hankalina bai zauna ba. Ranar kasuwar Gangara, da an tashi sai in ruga wurin masu zuwa daga Agiye in tambaye su ko an yi cigiyata a buro. Na ƙi gina ɗaki, ina kwana a zauren mai gari kamar baƙo. Mai gari ya yi mini maganar aure, na ce sai na san inda zan zauna. Sau biyu diraktan ya ce zai sa sunana cikin masu jarrabawar zama cikakken malami, sau biyu na ƙi, don ina ganin in na ci ta an ɗaure ni ke nan. Shekara ta juyo, wata ta bi ta, yaran da na fara da su suka soma karanta jimla, ni kuwa ina nan ina sauraren ƙarar mota.

Saƙon ya zo da sanyi, a bakin wani jandarma, ɗan sandan karkara, da ya biyo a kan doki. An buɗe gurbin malamin gona a Gidan Rumji, in je in kama aiki. Amma ba don ni ya zo ba, wurin diraktan aka aiko shi. Gwamnatinmu da ta Dahome sun sami saɓani, an ce ma'aikata 'yan Dahome duka su koma ƙasarsu. Diraktan ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya koma aji ya ƙarasa darasin lissafin da yake yi.

Kwanakin da suka biyo baya na taya su ɗaure kaya. Matarsa ta raba tukwanenta ga maƙwabta, matan gari suna ta shigowa suna fita. Shi kuwa ya zaunar da ni ya bi manyan yaran ɗaya bayan ɗaya, masu shirin jarrabawar sartifika ta gama lakol a ƙarshen shekara: wanda ke da kai amma tsoro ya yi masa yawa, wadda ubanta ke son cire ta, wanda sai an zaunar da shi a gaba don kunnensa. Na ce masa ai ya san ni ma tafiya zan yi.

Ya ce, "Na sani. Ina gaya maka ne don ka gaya wa wanda zai zo."

Muka raka su har inda amalanken shanu zai kai su hanyar mota. Daga nan na wuce Agiye wurin ansifekta, na tambaye shi wa zai turo. Ya buɗe hannuwa ya ce ba shi da kowa, rabin lakol-lakol ɗinsa a haka suke. Bai roƙe ni ba, bai kuma hana ni ba.

Na tafi Gidan Rumji. Na ga buron, na ga rumbun iri da keken da za a ba ni. Wani dattijo mai gadin wurin ya yi mini maraba da Gobiranci, ya ce sun daɗe suna jiran mai ilimin gona. Abin da na yi shekaru ina mafarki ke nan, amma na kasa zama a kujerar. Na zaga kasuwar hatsi, na zaga ta dabbobi, na dawo, na sake fita. Na roƙi shugaban wurin ya ɗaga mini zuwa ƙarshen shekarar karatu. Ya ce shuka ba ta jiran lakol, in ban kama yanzu ba akwai wani.

Na koma Gangara da nufin in kai manyan yaran jarrabawa kawai, daga nan in sake neman wani gurbin. Na haɗa aji biyun, manya a ciki, ƙanana a rumfa, ina kai da kawowa tsakaninsu har muryata ta dushe. Wasu sun ci sartifika, wasu sun faɗi. Mai matsalar kunnen nan ya ci.

Gurbin gona bai sake zuwa ba, ni ma daga baya na daina tambaya. Shekarar da ta biyo na zauna jarrabawar zama cikakken malami. Ansifekta ya zo ya zauna a bayan aji yana kallona ina karantarwa, ya yi mini tambayoyi, ya tafi. Bayan watanni aka ce na ci. Na yi aure a garin, na gina ɗaki, amma ban daɗe ba na nemi canji. Haka na yi ta yi har na aje aiki, in na shekara uku ko huɗu a gari sai in ji ina son wani. Matata ta saba, takan fara ɗaure kaya tun kafin in yi magana.

Diraktan ban sake jin labarinsa ba. Na tambayi direbobin da ke zuwa kudu, na tambayi wasu 'yan ƙasarsu da suka dawo bayan ƙasashen biyu sun shirya. Wani ya ce ya san mai kama da shi a wani gari kusa da teku, yana karantarwa har lokacin, amma bai tabbata shi ne ba.