Almakashin Gwaggo

Duk wanda ya taɓa aron littafi a wurin Gwaggo ya san ba a cike ake tafiya da shi gida ba. Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana da ɗan shago a ƙasan benen da suke haya, inda take sayar da maɓallai, zif, zare, roba da allurai. A bayan kantar shagon, wurin da mai hankali zai jera kayan sayarwa, ita littattafai ta jera, kuma duk jirgi ɗaya ya kwaso su: an tsinci gawa, kowa a gidan yana da abin ɓoyewa, sai wani ɗan sanda mai fama da ciwon baya ko wata tsohuwa mai sa ido ta zo ta tona asiri. Littafin soyayya kuwa in ka kawo mata, ƙofa za ta tokare da shi.

Kowa ya zo aro tana ba shi. Sai dai kafin ta miƙa maka, za ta jawo babban almakashinta mai baƙin mariƙi, ta buɗe littafin ta baya, ta yanke babin ƙarshe tas, ta jefa a wani tsohon gwangwanin biskit. Ka je ka karanta. In ka gama ka dawo gaban kanta ka faɗi wanda kake zargi, ka kawo hujja. In ka canka daidai, sai ta ba ka ƙarshen ka tafi da shi gida kamar mutumin kirki. In ka yi kuskure, a tsaye za ka karanta shi nan gabanta, ta zuba maka ido tana jiran daidai layin da fuskarka za ta canza. Bayan ka sha kunya ta liƙe shafukan da salatif, ta jira na gaba.

Mai kemis na kusa da ita ya fi kowa shan wahala, don shi duk wanda ya miƙa wa wani kofi a littafi to shi ne ya sa guba. Ni kuwa tun ina firamare take gasa min aya a hannu. Na yi kuka, na yi roƙo, na taɓa cewa zan share mata shago har in girma, ko gezau. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, wanda aka ba amsa a hannu ai bai yi karatu ba, kallon takarda ya yi."

Karatun bai tsaya a shago ba, ya bi ta har sama. In madara ta ƙare ba tare da saninta ba, ba ta faɗa. Kujera take jawowa ta zaunar da kai, ta tambaye ka ina kake lokacin da aka buɗe firij, wa ya gan ka, me ya sa cokali yake jiƙe. Mijinta, wanda muke kira Kawu, direban bas ne na cikin gari har ya yi ritaya, shi ya raɗa mata suna Sufeto, kuma shi kaɗai yake kiran ta da shi ya kwana lafiya.

Gwaggo ba ta iya cin nasara shiru ba. In ta ce za a yi ruwa aka yi, sai ta leƙa shagunan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ta tuna musu. In ta ce rigar nan za ta matse ki kika musa, ranar da ɗinkin ya yage ita za ta fara kiran ki a waya, wai gaisuwa ce kawai.

Amma akwai littafi ɗaya da ya gagare ta, kuma shi ne tushen duk wannan mugunta. Ba zan faɗi sunansa ba, don kada ku je ku nemo. Tsoho ne, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. Labarin wani mai otal ne da aka samu a mace cikin ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki. Mutum uku ake zargi: likitansa, direbansa, da matarsa. Kawu ne ya ara wa Gwaggo shi tun suna saurayi da budurwa, ta karanta har ta kai inda ɗan sanda ya tara kowa a falo ya ce yanzu zai nuna mai laifi, ta juya shafi, ta ga bango. Babu ƙarshen. Kawu ya ce haka ya saye shi a hannun masu tsofaffin littattafai.

Tun daga ranar suke gardama. Gwaggo ta ce direban ne. Kawu ya ce likitan ne, kuma a daina raina direbobi.

"Malam, mutumin da ya ce bai shiga otal ɗin ba, yaya aka yi ya san agogon ɗakin ya tsaya?"

"Direba ai ji yake yi, Sufeto. Duk abin da ake faɗa a kujerar baya yana kunnensa. Ke dai ki tambayi likitanki me ya sa ya wanke kofin."

"Tsafta ce!"

"Tsafta a ɗakin gawa?"

A kan wannan muka taso. An yi ta a kan tebur, an yi ta a matakala, an yi ta a asibiti ranar da aka haifi autarsu, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta tambaya wane likitan ne ya yi kisa. Gwaggo ta sha cewa tunda ita aka hana ta ƙarshen labari, babu wanda zai ƙara samun nasa a ɓagas. Wato mu laifin wani muke biya.

Sai Kawu ya gamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannun hagu ya yi nauyi, magana kuma ta zama aiki. Mutumin da a da in ya fara labarin fasinjoji sai an roƙe shi ya numfasa, ya koma zama a kujera bakin taga yana kallon motoci. Ka gaishe shi ya ɗaga kai. Ka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, shi ke nan. Likitan gaske ya ce a riƙa sa shi magana, mun gwada ƙwallo, mun gwada siyasa, mun gwada tsadar taya, ba abin da ya kama.

Abu ɗaya ne yake tayar da shi. Gwaggo za ta hawo da shayi, ta ajiye, ta ce kamar da kanta take magana, "Ni dai har gobe direban nan nake tausaya wa uwarsa." Nan take Kawu zai gyara zama. Kalmomin suna fitowa a karkace, suna tuntuɓe, amma suna fitowa, har ya ɗaga hannun mai nauyi yana nuna ta. Ranar da na fara ganin haka na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

To, ina dawowa daga aiki wata rana, a bakin tashar bas, wani mai tsofaffin littattafai ya shimfiɗa kayansa a ƙasa. Na duba don in samo wa Gwaggo sabuwar gawa. Sai ga shi. Bangon nan, hoton ƙofar nan da makulli. Na ɗauka na juya shi ta baya. Cikakke ne, har da shafin talla.

Kada ku tambaye ni ko na jira. A cikin bas na karanta babin ƙarshe, a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, har na wuce inda zan sauka. Direban ne. Agogon nan da Gwaggo ta riƙe shekara da shekaru, shi ne ya kama shi. Likita kuwa bawan Allah, tsafta ce kawai ta sa ya wanke kofi.

Na nufi shagon ina murmushin mugunta. Niyyata in ja mata rai yadda ta ja mana, in sa ta roƙe ni ko sau ɗaya a duniya. Ban yi tunanin Kawu ba sam, ɗoki ya rufe min ido. Na same ta tana auna wa wata mata roba. Da matar ta fita na ɗora littafin a kan kanta na dafe shi da tafin hannu.

"Gwaggo, faɗi wanda kike zargi, ki kawo hujja."

Ta dubi bangon, ta dube ni. Sai ta ɗauki ma'aunin katako ta ƙwanƙwasa min yatsu, na janye ba shiri. Shirin ramuwar da na yi tun daga tasha ke nan ya ƙare.

Ta sa tabarau ta zauna. Wani ya shigo neman zif ta ce an rufe, ga ƙofa a buɗe. Ni kuma na samu abin da ban taɓa samu ba, na tsaya ina kallon fuskarta tana karatu. Na ga inda ta kai wurin agogo, don leɓenta ya motsa, hancinta ya buɗe. Na ce a raina yau unguwa ta shiga uku, har mai kemis sai ya ji a jikinsa. Na matsa gefe don kada ta ture ni in ta zabura za ta hau sama.

Ba ta zabura ba. Ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai, ta ɗaga ido tana kallon silin. Daidai saman kanta nan ne kujerar Kawu take, muna jin ƙarar ƙafarta in ya motsa. Sannan ta jawo almakashi.

"Gwaggo! Ke fa kika yi gaskiya!"

"Na sani. Ai ban taɓa shakka ba."

Ƙarat, ƙarat, ta yanke babin. Ba ta jefa shi a gwangwanin biskit ba. Ta yi masa gutsi-gutsi kamar mai yanka ƙyalle, ta zuba a kwandon shara, ta kawo ragowar zare ta rufe.

"In na hau na ce masa direba ne, ga shi a rubuce, gobe da me zan tayar da shi? Da labarin zif?" Ta nuna ni da bakin almakashin. "In kika gaya masa, ba ni ba ke."

Ban san Gwaggo tana iya haɗiye nasara ba, kuma na ga yadda ta tsaya mata a wuya. Tausayinta ya kama ni, abin da ban saba ji ba a shagon nan.

Muka hau tare. Ta jefa wa Kawu littafin a cinya ta ce, "Malam, ga 'yarka ta samo wani. Shi ma babu ƙarshen. Da alama haka kamfanin ya buga su." Ta wuce kicin ɗora shayi.

Kawu ya juya littafin da hannunsa mai lafiya. Ya bi gefen yankan da babban yatsa a hankali. Takardar ta tsufa ta yi ja, amma bakin yankan fari ne sol. Mutum ba ya zama da Sufeto tsawon rayuwa bai koyi komai ba. Ya yafito ni, na sunkuya.

"Direba ne, ko?"

Na ce ni ban san komai ba, bas ne ya yi ta girgiza, ban iya karatu ba. Ya yi dariyar da rabin fuskarsa kaɗai ke yi yanzu.

"Na sani. Na karanta. Na farkon, ni na yage shi."

Na zauna a hannun kujera. A hankali, kalma tana jiran kalma, ya ba ni labari. Lokacin Gwaggo tana tsaron shagon babanta kusa da tashar da yake juya bas. Ya yi ta sayen maɓallan da ba ya buƙata, ko kallo bai ishe ta ba, kullum kanta a cikin littafi. Sai ya ara mata wannan, bayan ya cire ƙarshen. Washegari ta zo har tasha tana huci, ta tsaya a ƙofar bas ta hana fasinja shiga, tana tambayar ina sauran.

"Ta ce min, direba ne ko? Da na ce e, da ta juya ta tafi. Sai na ce likita ne." Ya numfasa. "Ta zauna a kujerar gaba. Har ƙarshen layi muna yi, muka dawo muna yi."

"Kawu, duk shekarun nan kana kare mutumin da ka san shi ya yi kisa?"

"Ai ɗan'uwana ne, direba kamar ni." Ya kama hannuna ya matse. "Kada ki gaya mata."

Gwaggo ta shigo da tire. Ta miƙa masa kofi, ta gyara masa matashi da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake buƙata, ta zauna ta ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ni dai," in ji ta, "ko littafi nawa za a yage, agogon nan ba ya ƙarya."

"Kofin fa, Sufeto? Wa ya aike shi wanki?"

Suka juyo gare ni lokaci ɗaya, kowa da gargaɗi a idonsa. Gwaggo ta ce, "Ke da kika karanta shi a bas, ba ki da baki ne? Wa kike zargi?"

Na kurɓi shayina, na ajiye kofin a hankali.

"Ni fa tun farko hankalina bai kwanta da matar ba."

Suka taso min su biyu. Kawu har da buga hannun kujera, da hannun hagun.