Bencin da Ɗahiru Ya Bari

Shekara biyar ke nan da muka kai Ɗahiru makwancinsa a Jega, kuma har yau idan na shiga ofishin da ya bari a Aliero, raina kan ɓaci tun kafin in zauna. Allah Ya jiƙan abokina. Na so a ce wannan waiwaye yabo ne zalla, amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, da haushi na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san shi ba, Ɗahiru ne ya kafa ɗan kamfanin da ya haɗa manhajar waya mai sanar da makiyaya gonar da aka gama girbewa. Manomi ya kwashe amfaninsa, ya danna waya, sai saƙon murya ya isa ga makiyayi da Fulatanci cewa an saki gonar wane, ta wane kuwa a dakata. Abin bai wuce haka ba, amma a ƙauyukan Karaye da Liba da Kimba ya hana sanduna da yawa tashi. Ni malamin makaranta ne, ban san kan kwamfuta ba. Ya saka ni a kwamitin kamfanin ne don, in ji shi, bakina ba ya shiru.

Ɗahiru ba ya ɗaukar ma'aikaci ɗaya, sai biyu. In ya samu hali, ɗaya daga gidan noma, ɗaya daga ruga. Ya sa kafinta ya yi masa bencuna, kowane benci mutum biyu da kwamfuta ɗaya. Wannan yana rubutu, wancan yana kallo yana tambaya, bayan azahar su yi musanya. Ranar gwajin masu neman aiki ma haka yake yi. Sai ya haɗa biyun da ba su san juna ba, ya ba su abin da ya lalace su gyara, ya koma baya ya harɗe hannu. Ba sauri yake dubawa ba. So yake ya ga wanda zai iya cewa "ban gane ba", da wanda zai tsaya ya yi bayani. Na taɓa ganin ya sallami wani yaro mai kaifin kai don kawai ya janye kwamfutar gabansa ya bar abokinsa da kallon bango.

Na yi masa tsiya a kan haka, na ce rowar sayen kwamfuta ce ya yi wa ado. Ya yi dariya ya ce, "Umaru, in guda yat tafi, wa zai san abin da munka yi? Kuma mai hatsi kaɗai ba shi rubuta wa mai shanu doka."

To, yau da zai leƙo, me zai gani? Sabon manajan da kwamiti ya kawo ya ce mutum biyu a kan aiki ɗaya ɓarna ce. An fitar da bencunan waje. Yanzu ta intanet ake jarrabawa, wanda ya riga gamawa shi ne gwani. An ɗauki yara a Kano da Legas, kowa a ɗakinsa, kowa da ɓangarensa, ko fuskar wasunsu ban taɓa gani ba. Yaran sun iya aiki, ba na musu. Amma da mutum ya samu inda ya fi, sai ya tafi da ɓangarensa a kansa, a bar mu muna kallon juna.

Bara muka ga sakamako. Wani daga cikinsu ya gyara manhajar yadda in yawancin manoman ƙauye sun gama girbi, sai ta ce an saki ƙauyen duka. A ganinsa sauƙi ya kawo, kuma ba kowa a gefensa da zai ce masa wake yakan yi jinkiri. Saƙo ya fita, shanu suka shiga gonar wake a Liba da izininmu. Da ƙyar hakimi da arɗo suka kwantar da maganar. Kunyar da na ji ran nan, wallahi ko a gaban surukai ban taɓa jin irinta ba.

Yanzu ga kaka ta sake zagayowa. Wanda ya yi wancan gyara ya bar aiki, kuma ba wanda ya gama fahimtar abin da ya taɓa. Cikin waɗanda Ɗahiru ya ɗauka da hannunsa saura Hajara, 'yar wani manomin albasa. Abokiyar bencinta Dije, 'yar makiyaya daga Maiyama, an sallame ta da sunan rage ma'aikata. Na faɗa wa kwamiti a dawo da ita har muryata ta dushe. Kullum amsar ita ce za a duba. Duba me, don Allah? Shanu ba su jiran zaman kwamiti.

Makon jiya na shiga ofis na tarar Hajara ta jawo benci ɗaya ta mayar ciki. Tana zaune a gefe guda, ta bar rabi fili, tana rubutu tana magana a fili ita kaɗai. Na tambaye ta ko lafiya.

Ta ce, "Baba Umaru, haka marigayi ya koya muna. In na faɗi da baki, nakan ji inda Dije za ta ce a'a." Sai ta nuna mini wurin. "Zamna nan. Ko ba ka sani ba, ka riƙa tambayata."

Na zauna. Na yi ta jefa mata tambayoyin da ni kaina na san na jahilci ne, tana amsawa da haƙuri, ni kuwa ƙwalla na neman kunyata ni.

Abin da ya saura na Ɗahiru ke nan. Sunansa yana jikin allon ƙofa, amma allo ba ya hana saniya shiga wake. Abin da ya bari na gaske ɗabi'a ce a jikin yarinya ɗaya, wadda har yau ba ta yarda aikin mutum ɗaya ne ba. Allah Ya kai haske kabarinka, abokina. Ku kuma 'yan kwamiti, na san kuna karanta jaridar nan. Dawa ta nuna, garke ya fara gangarowa, kuma a wurin zaman Dije tsohon malamin firamare ne ke zaune. Ku kira ta.