Malam Gwadabe, Direban da Ya Riƙa Kai Muryoyinmu Sakkwato

Kafin rana ta ɗaga, Malam Gwadabe ya riga ya duba taya da ruwan motarsa a tashar Isa. Shekara ashirin da bakwai yana bin hanyar Sakkwato, har a lokacin da 'yan bindiga suka sa wasu direbobi zaman gida. A watan nan zai ajiye tuƙi, ido ya fara gazawa.

Masu shirya fim sun ɗauki labarin surukata, Inna Saude, da 'ya'yanta uku sojoji: Kalilu, Usaini da mijina Mubashshir. Na kalla, na yi kuka, amma ban ga Gwadabe a ciki ba.

Shekarar da aka yanke sabis a yankinmu, mu iyalan sojoji mukan naɗi murya a waya, ya zuba wayoyin a jaka, ya kai Sakkwato ya tura, ya jira amsa. Bai taɓa sauraron saƙon kowa ba. Wata rana baƙuwar lamba ta yi ta kiran wayar Inna har ya ɗauka. Aka ce Kalilu ya rasu a Borno. Da ya dawo, Inna na tasha tana jira.

"Gwadabe, mi anka ce?"

"Inna, ki tai gida ki huta, ina nan tahe."

Ya biya ya ɗauko liman, suka same ta a gida suka faɗa mata. Bayan wata uku, haka ya sake yi saboda Usaini.

Malam, kai ne rumbun sirrinmu. Kai ka hana tsohuwa faɗuwa a gaban jama'a.

Yanzu Mubashshir kaɗai ya rage, kuma yau kwana goma sha ɗaya bai kira ba. 'Yata Lubna, mai shekara uku, ko wayar maƙwabta ta ji sai ta ce Baba ne. Inna ta sa an rubuta takardar roƙon a dawo da shi kusa da gida. Sau biyu Gwadabe yana kai ta bariki, ana cewa a jira. Na tambaye shi wa zai bi mana ita in ya bar mota.

"Ɗiyata, tuƙi za ni bari, ba tahiya ba. Hwasinja za ni zama."

Allah ya saka maka da alheri, Malam. Ku kuma matasan direbobi, in mace ta miƙo muku takarda, kada ku cusa ta ƙarƙashin kujera. Wata uwar, ɗa guda ya rage mata.