Harsasan Baba Mato

Sana'ata kai ruwa. Ina tuƙa wayit, wato tankar ruwa, daga Khumra zuwa garkunan raƙuma da ke cikin daji kudu da Jidda, can inda kwalta ke ƙarewa, sai rairayi da ƙaya da ledojin da iska ta kwaso daga gari. A ɗaya daga cikin garkunan nan na san Baba Mato, yau shekara tara.

Mutumin Nijar ne, daga wajen Tawa. Dogo ne busasshe, ba ya son surutu, ni kuma bakina ba ya hutawa, shi ya sa muka daidaita. A ƙasarsu ya taɓa mallakar raƙuma goma sha ɗaya, fari ya cinye su cikin shekara biyu. Daga nan ya yi gadin gandun daji, can ya koyi riƙe bindiga. Da wannan aikin ma ya ƙare sai ya zo nan. A iƙamarsa, wato takardarsa ta izinin zama, an rubuta makiyayi, kuma duk cikin mutanen da na sani shi kaɗai ne ke yin aikin da aka rubuta masa a iƙama.

Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, Abdulghaffar, mai shagon taya ne a unguwar Bagdadiyya, raƙuman na sha'awa ne kawai. Ya kan leƙo sau ɗaya a wata, ya sha nono, ya ɗauki hoto, ya koma cikin sanyin motarsa. Abin da ke damun garken shi ne karnuka. Ba su da masu su, a jujin bayan gari suke girma, kuma idan yunwa ta ci su sukan taru goma ko fiye su shigo daji neman jariran dabbobi. Saboda su Abdulghaffar ya bar wa Baba Mato wata ƙaramar bindiga mai juyawa, da harsashi shida. Takardar bindigar da sunan kafili take, don haka ya ja masa kunne: kada ya harba sai abin ya zama dole, kada ƙara ta jawo 'yan sanda. Baba Mato bai taɓa harba ta ba ko sau ɗaya. Karnukan da dutse yake korarsu.

Amma kula da ita kam, ko amarya albarka. Ranar Juma'a nake kai masa ruwa, kuma kullum bayan la'asar zan tarar ya shimfiɗa tabarma a inuwar tanti, ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara. Kayan aikinsa ke nan gaba ɗaya: yankin tsohon rawani, igiyar takalmi, buroshin haƙori da ya gama hidimar baki, da ƙaya guda don sakace lungu. Sai ya fitar da harsasan ya jera su, ya ɗaura tsumma a igiyar ya ja ta cikin bututun, ya ɗaga ya leƙa hasken rana ta ciki, ya sake ja.

"Baba Mato," nakan ce masa, "wannan bindigar ta fi ni ganin wanka."

"Kai wa za ka tsare?" Iyakar amsarsa ke nan.

A farko ba ya sa mata mai ko ɗigo. Ya ce can gida mai shi ka kiran rairai, rairai kuma shi ka kashe bindiga. Gaskiyarsa ce a can. Nan kuwa teku na nan kusa, da safe raɓa har ɗiga take daga rufin tanti. Wata Juma'a ya miƙo mini bindigar yana nuna wasu jajayen ɗige-ɗige a jikinta, fuskarsa kamar ta uban da ya ga ƙyanda a jikin ɗansa.

Ni a nan Jidda, a unguwar Bani Malik, aka haife ni, iyayena Hausawan Sudan ne, don haka ina ɗaukar kaina masanin komai na garin nan. Na ce masa tsatsa ce, kuma a Jidda ƙarfe ko maɓallin wando ne sai ta ci shi. Mako na gaba na kawo masa kwalbar man keken ɗinkin matata Hikima.

"Ka shafe komai," na ce. "Har harsasan. Ka jiƙa tsumma ka naɗe su a ciki, halas, shi ke nan, ka huta."

Ya juya kwalbar a hannu, ya dube ni.

"Har harsasan?"

"Su ba ƙarfe ba ne?"

"To. Baƙo makaho ne ko yana da ido," in ji shi. "Ku kuka san ƙasarku."

Ni da ban taɓa harba ko danƙo ba. Tun daga ranar harsasan nan shida suke kwana cikin tsumma mai naso da mai, shekara da shekaru, suna ƙyalli. Duk lokacin da kwalbar ta ƙare in kawo wata.

A garken akwai wata jar taguwa da yake kira Hajiya, saboda tafiyarta ta ƙasaita. Ƙazuwa ta taɓa kama ta har Abdulghaffar ya ce a yanka. Baba Mato ya roƙa a bar masa ita, ya yi wata huɗu yana wanke ta yana shafa mata magani da hannunsa, ta tashi. Kafili ya ji daɗi, ya ce ɗan farin da za ta haifa na Mato ne, kyauta. Tun bayan da fari ya share masa garke, wannan ne karo na farko da zai sake mallakar abu mai numfashi.

Bai ce ya yi murna ba, ba halinsa ba ne. Sai dai taguwa wata goma sha uku take ɗaukar ciki, kuma a cikin watannin nan na ga ya tuƙa wata 'yar akala ƙarama da zare baƙi da fari, ya rataye a sandar tanti. Na tsokane shi cewa ba a ɗinka wa ɗa riga tun yana ciki. Ya yi kamar bai ji ba.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, na iso da hantsi saboda zafi. Babu kowa a tanti. Can nesa, bayan wani tudun rairayi, na hango Hajiya tsaye, na taka da ƙafa. Taguwa idan naƙuda ta zo mata ware kanta take yi daga garke, haka ita ma ta yi da sassafe. Baba Mato yana zaune a ƙasa, rigarsa a yage, ƙaurinsa na jini. Jaririn yana kwance gabansa, fari tas, an yaga masa ciki. Uwar tana sunsunar sa tana wani irin gunji ƙasa-ƙasa.

Bindigar na kan cinyarsa.

"Karnuka ne, su tara," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Na iske su sun kewaye ta. Na ja, ba ta tashi ba. Na ja har shida."

Sai da sanda ya shiga tsakiyarsu, kafin ya kore su sun gama abin da suka zo yi. Yana faɗa kamar mai ba da labarin wani garin. Ni ma ban ji komai ba a lokacin, kaina fayau, har ina tunanin ko na kashe injin mota. Na kai shi asibiti aka yi masa allurar cizon kare, muka dawo, muka binne jaririn da shebur ɗin wayit.

Da yamma Abdulghaffar ya zo. Ya karɓi bindigar ya duba, tsaf take. Ya zazzage harsasan a tafin hannu, ya murza ɗaya, ya dubi yatsunsa da suka yi maiƙo.

"Wa ya ce ka sa wa harsashi mai, ya Mato? Mai yana ratsawa ciki ya kashe shi. Waɗannan sun daɗe da mutuwa."

Ina tsaye a wurin. Baba Mato bai dubi inda nake ba.

"Ni na sa," ya ce.

Kafili bai yi faɗa ba. Ya ce ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri, ya naɗe bindigar a jarida ya sa a mota. Ya ce halas, zai sa a kewaye garken da waya, bindiga ba ta da amfani a nan. Zancen wani ɗan raƙumin bai taso ba, Baba Mato kuma ba mai tambaya ba ne.

Mako guda ina shirya maganar da zan faɗa masa. Juma'a ta zagayo, na iso bayan la'asar, na tarar ya shimfiɗa tabarma a inda ya saba. Gwangwanin a buɗe, ya jera tsumma da igiya da buroshi da ƙaya, tsakiyar tabarmar babu komai. 'Yar akalar na nan rataye. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na durƙusa a bakin tabarmar.

"Baba Mato, ni na ce ka sa man nan."

"Kai ka ce, ni na sa," ya ce. "Hannuna ne."

Ya laluba cikin gwangwanin ya ciro kwalbar man keken, ya goge ta da tsumman a hankali har gindinta, ya miƙo mini.

"Maida ma Hikima abinta. Da saura rabi, kada ya lalace."