Mai Wankin Ƙoda a Ofishin Inshora

Tana zaune gaban ma'aikacin inshorar rai, siririya, hannunta duk tabon allurar wankin ƙoda, amma ta sha kwalli kamar mai zuwa biki. Ina jin tsohuwar malama ce, don yadda take kallonsa yana kame-kame, ya kasa tambayarta ciwonta.

"Ɗana, daina jin nauyi," in ji ta, tana dariya. "Ƙodojina sun yi ritaya, ko'ina an ƙi ni. 'Yata na karatun likita, ba na so karatun ya bi ni kabari."

Ya ce akwai kamfanin da wataƙila zai karɓe ta, sai dai akwai jira.

Ta tuɓe takalmi, ta gyara zama. "Ni da nake wuni jikin na'ura? Kira su."