Ni na kira su biyun

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai na dama wa Inna fura, ta sha ludayi biyu ta ture. Wata huɗu ke nan tana kwance. Maganarta ɗaya ce, ta ga 'ya'yanta maza kafin ta cika.

Su biyu ne, Yaya Ilyasu da ƙanenmu Bubakar. Tare suka hau dutse, suka ɗauki bindiga don haƙƙin mutanenmu na arewacin Nijar. Da maganar sulhu ta zo, ɓangaren Yaya suka ce a ajiye makami, ɓangaren Bubakar suka ce cin amana ne. Daga nan ko gaisuwa babu.

Ni kuwa uwar dabara, na kira Yaya a salula na ce Bubakar ba zai zo ba. Na kira Bubakar na ce Yaya ba zai zo ba. A ganina, in sun haɗu gaban Inna wa zai ɗaga murya? Ban kawo a raina kowa zai zo da mutanensa ba.

Ƙarfe goma motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida, mutum biyar a baya. Ya shigo ya durƙusa, Inna ta shafa kansa. Sha ɗaya saura na ji wata motar ta wajen rijiya. Awaki suka watse.

Har yau ban san wanda ya fara ba. Ƙarar bindiga ɗaya, shiru, sai abin ya ɓarke. Ƙasar bango na zubo mana a ka.

"Ku kwanta!" in ji Yaya.

Daga waje na ji Bubakar: "Ku tsaya! Uwata na ciki!" Ban ƙara jin muryarsa ba.

Yaya ya miƙo mini ɗiyata Hadiza. "Fita ta baya!" Na ce Inna fa? Ya ingiza ni. Na bi busasshen rafi ba takalmi. Azahar ta same ni gindin ƙaya. Hadiza ta daina kuka, wannan ya fi harbin ba ni tsoro. Da la'asar wani mai kamiyo, babbar motar albasa, ya ɗauke mu zuwa Agadas.

Mijina dama yana Greensboro ta Amurka, ƙarshen shekarar muka iske shi. Na sami aikin jinyar wata tsohuwa 'yar Poland a wani gari kusa da nan, Pleasant Garden, sunanta Madam Zofia. Yayyenta biyu sun yi yaƙin 'yancin ƙasarsu, ɗaya da mayaƙan daji, ɗaya da rundunar da ta shigo daga gabas. Sun mutu ba sa ga maciji da juna. Hoton ɗaya na falo, na ɗayan na ɗakin kwana.

Wata safiya ina goge-goge na jera hotunan wuri ɗaya. Hali zanen dutse. Ta hango daga kan kekenta na guragu, ta kwarma ihu: "Raba su!" Na raba. Na shige banɗaki na kulle, na yi kukan da ban samu yi ba a rafin nan.

Daga baya na ji, ranar harbin nan Bubakar ya faɗi matacce a bakin ƙofa, taku bakwai tsakaninsa da gadon Inna. Inna ta cika washegari, ba ta gan shi ba. Yaya na raye. Nakan kira shi ranar Juma'a, kullum yakan ce yana nan yana neman munafukin da ya kawo Bubakar gida ranar. Nakan ce masa katin waya ya kusa ƙarewa.